Tsohon bashi, sabon sammaci: doka na tare da mai buɗe baki

A ƙasar Adar, lokacin kaka lokacin tuna bashi ne. Da zarar hatsi ya shiga rumbu, samari sun fara ɗaure kayan tafiya biɗa, sai masu bin bashi su buɗe littattafansu. Wannan tsohuwar al'ada ce, kuma babu aibi a cikinta, tunda bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya sake shi ne kamannin mai zuwa karɓa. A da, mutum ne sananne da kan yi sallama a ƙofar gida, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, in babu abin biya a ba shi haƙuri a gaban shaidu. Yau kuwa sau da yawa takarda ce, rubutacciya da Faransanci, ɗauke da hatimin gidan shari'a, a hannun ma'aikacin nan mai isar da sammaci da ake kira wisiye. Tana neman a biya bashin da aka ci shekara shida ko goma da suka wuce, wani lokaci ma wanda ya ci shi ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa.

Daga Deule zuwa Buza, daga Keita zuwa Madawa, amsar da akan ba irin wannan takarda ba ta wuce uku. Wani ya ninke ta ya jefa ƙasan akwati, yana cewa bashin da ya yi barcin shekara goma ba zai farka a dare ɗaya ba. Wani tsoro ya kama shi, ya kai sansa kasuwa ko ya jinginar da gona tun bai san ko lissafin da aka kawo masa daidai ne ba. Wani kuma ya dangwala yatsa bisa duk abin da aka miƙo masa, don baƙo ya tafi kafin maƙwabta su ji. Dukan ukun kuskure ne, amma na farko ya fi tsada. Doka ta tanadi kariya mai yawa ga wanda ake bi bashi, sai dai ba ta miƙa ta sai ga wanda ya buɗe baki cikin lokaci. A gidan shari'a shiru ma magana ce, kuma ma'anarta ita ce an amince.

Ya kamata a san inda wannan takarda ta samo ƙarfinta. Ranar 17 ga Oktoba 1993, a birnin Por Luwi na tsibirin Moris, Nijar ta sa hannu tare da wasu ƙasashen Afirka bisa yarjejeniyar OHADA, wadda ta haɗe dokokinsu na kasuwanci wuri guda. Yau ƙasashe 17 ke cikinta, babbar kotunta kuma tana Abijan. An yi wannan haɗaka ne bayan shekarun 1980, zamanin da bankuna suka yi ta faɗuwa a ƙasashen kuɗin sefa saboda basussukan da suka ƙi dawowa. Nijar ta sami rabonta na wannan masifa: asusun ba manoma bashi na CNCA ya durƙushe, bankin raya ƙasa na BDRN kuma ya rufe a 1990. Shi ya sa a watan Afrilu na 1998 aka fito da doka ta musamman mai gajarta wa mai bin bashi hanyar karɓar kuɗinsa. An sabunta ta a Kinshasa ranar 17 ga Oktoba 2023, sabuwar ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024.

Ga yadda gajeriyar hanyar take. Mai bin bashi ya ɗauki takardunsa ya kai wa shugaban kotu, ba tare da an kira wanda ake bi ba. In alƙali ya ga bashin ya samo asali daga yarjejeniya, tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biyansa kuma ya yi, sai ya sa hannu bisa umurnin biya. Wajibi ne a isar da wannan umurni ga wanda ake bi cikin wata uku, in ba haka ba ya zama kamar ba a yi shi ba. Tunda alƙali ɓangare ɗaya kawai ya ji, doka ta bar wa ɗaya ɓangaren ƙofa: yana da kwana goma daga ranar da takarda ta shiga hannunsa, ko ya biya, ko ya shigar da jayayya a gaban kotun da ta ba da umurnin. A dokar 1998 kwana goma sha biyar ne. Mai lissafi da tsohon wa'adi ya makara da kwana biyar bai sani ba.

In kwana goman suka cika ba a ji komi ba, mai bin bashi na da ikon sa a buga wa umurnin hatimin zartarwa, ya zama daidai da hukuncin da aka yanke a gaban kowa, ba kuma a ɗaukaka ƙara a kansa. Daga nan sai takardar gargaɗi ta ƙarshe, mai wa'adin kwana takwas, sai rubuta kaya da hana taɓa su, sai wata guda da ake ba mai kaya ya nemi mai saye da kansa, sannan gwanjo. Ɗan kasuwan da ya jefa takarda a akwati da kaka yana iya ganin kayan shagonsa a bakin hanya kafin azumi ko damina, ba don bashin gaskiya ne ba, sai don bai ce uffan ba.

Saboda haka abu na farko da ya wajaba ga wanda aka kawo wa takarda shi ne ya rubuta ranar da ya karɓe ta, ya nemi amintaccen mai karatu a ranar, ya san wace iri ce. Ba kowace takarda mai hatimi ce hukunci ba. Akwai wasiƙar neman biya kawai, wadda banki ko lauya ko wisiye kan aiko. Ita ba ta ba kowa ikon ɗaukar ko da tsintsiya daga gidan mutum, ko da yake amsa ta da rubutu ya fi kyale ta. Akwai umurnin biya na alƙali, mai kwana goma. Akwai kuma gargaɗin ƙarshe kafin riƙe kaya. Ita takardar umurnin biya, doka ta wajabta ta faɗi adadin kuɗin, ta faɗi wa'adin jayayya, da kotun da za a je, da yadda ake yi, ta kuma sanar da mutum cewa yana da ikon zuwa wurin magatakardan kotu ya duba takardun da mai ƙara ya ajiye. In ta rasa waɗannan, ana iya neman a soke ta. Ita kanta jayayyar ba da baki ake yin ta a zauren wani babba ba: ta hannun wisiye ake yin ta a rubuce, a isar wa mai ƙara da magatakarda, a tsaida ranar zama.

Wanda ya yi wannan ya juyar da shari'ar gaba ɗaya. Da an shigar da jayayya, nauyin kawo hujja na bisa wuyan mai bin bashi. Shi zai nuna yarjejeniyar, ya nuna uwar kuɗi, ya nuna yadda aka lissafta ruwa da tara, ya cire abin da aka riga aka biya. A nan ne tsofaffin basussuka kan nuna ramarsu. A ɗauki misalin mai shago da ya karɓi jika ɗari uku, ya biya rabi a hannun wani wakili da ya bar aiki tuntuni, yau kuma ake neman jika ɗari takwas a wurinsa. In ya yi shiru, ɗari takwas ɗin ce hukunci. In ya yi magana, sai an baje lissafi dalla-dalla a gaban alƙali. Kuɗin ruwa ma ba a barinsa sakaka: a 2014 hukumomin kuɗi na yankin sefa na Afirka ta Yamma suka tsaida iyakarsa bisa kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bashi. Ban da haka, kafin shari'a akwai zaman sulhu a gaban alƙali, kuma doka ta ba shi ikon jinkirta biya ko rarraba shi har tsawon shekara guda in ya duba halin wanda ake bi da buƙatar mai bi, ban da irin kuɗin ciyar da iyali. Shekara guda a ƙasar noma damina ce cikakkiya da girbinta, ko noman albasa na rani da cinikinsa.

Sai maganar tsufan bashi, wadda ita ce mutane suka fi jahilta. A idon doka, haƙƙin kai ƙara yana da rai, yana kuma da ajali. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome a watan Disamba na 2010, ta yanke shekara biyar ga bashin da ya taso cikin harkar kasuwanci, ko tsakanin ƴan kasuwa biyu ko tsakanin ɗan kasuwa da wanda ba ɗan kasuwa ba. Ga cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa kuwa shekara biyu ce. Bashin da ba na kasuwanci ba, kamar rance tsakanin maƙwabta, yana ƙarƙashin dokar zaman jama'a da ƙasar ta gada daga Faransa, inda babban wa'adi shekara talatin ne. Bashin da aka riga aka yanke hukunci a kansa shi ma lissafinsa dabam ne. Dalilin wannan ajali a fili yake: shaidu na mutuwa, takardu na ɓacewa, gara na cin littafi, kuma ba adalci ba ne a bar mutum da takobi bisa kansa har abada saboda sakacin mai bi.

Amma fa akwai tarko biyu. Na ɗaya, alƙali ba shi da ikon tayar da maganar ƙarewar wa'adi da kansa, ko da ya gan ta ƙuru-ƙuru cikin takardu. Sai wanda ake bi ya faɗa da bakinsa. Na biyu, amsa bashi na mai da ƙidaya baya, ta faro daga farko. Takardar da aka dangwala wa yatsa a ƙofar gida, ko ɗan abin da aka bayar don a rabu lafiya, na iya zama amincewar da za ta sabunta wa'adin. Wanda kuma ya riga ya biya ba shi da ikon neman a mayar masa don kawai wa'adi ya wuce. Wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a sa hannu bisa komi ba, ban da shaidar karɓar takarda, kafin a fahimci abin da ke ciki.

A nan mai karatu zai ce: to, ashe kira ake yi ga cin amana? Ko kusa. Jama'ar Adar sun san cewa bashi ba ya ruɓewa, sun san daga dukiyar mamaci ake fitar da bashinsa kafin a raba gado, sun kuma san aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, bisa rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya san a ransa ya ci bai biya ba, wucewar shekara biyar ba ta wanke shi a gaban Allah, ba ta kuma wanke sunansa a kasuwa, inda amana ita ce jari. Abin da ake cewa shi ne a biya abin da aka ci, ba abin da aka ƙaga ba. Wa'adin doka garkuwa ce ga wanda ya biya ya rasa shaida, ga marayun da aka kawo wa lissafin da ba su san asalinsa ba, ga wanda ruwa ya ninka wa bashi har ya fi uwar kuɗi. Mai gaskiya na iya shigar da jayayyarsa don tsaida gwanjo, sannan ya zauna a yi sulhu bisa adadi na haƙiƙa, a rubuta, a sa shaidu. Sarakunan gargajiya ma doka ta ba su ikon sasanta mutane a harkokin ciniki, kuma sulhun fada ya fi rahusa. Sai dai a kiyaye: zaman fada ba ya tsaida ƙidayar kwana goma. A shigar da jayayya tukuna, sannan a je gaisuwa.

Kada kuma a manta cewa a wannan yanki talakka ba kullum ne wanda ake bi ba. Manomin albasa na kwarin Tarka ko na Majiya da ya ɗora wa wani attajiri buhunansa bisa amana, mota ta nufi Abijan ko Akara, shi ne mai bin bashi, kuma shekara biyar ɗin nan a kansa take ƙirguwa yana zaune yana jin kunyar tambaya. Dokar da ke kare shi in ana binsa ita ce ke cinye haƙƙinsa in ya yi sakaci. Ita ma gajeriyar hanyar a buɗe take gare shi, in yana da rubutu.

Akwai wasu abubuwa uku da suka shafi wannan yanki musamman. Adar ƙasar ƴan biɗa ce; maigida na iya yin wata takwas a Abijan, ko Legas, ko Libiya, takarda ta iske mata da yara. Doka ta hango wannan: in ba a miƙa wa mutum takarda hannu da hannu ba, ƙofar jayayya na nan buɗe har kwana goma bayan takarda ta farko da ta shiga hannunsa, ko bayan matakin farko na riƙe kayansa. Duk da haka, ya wajaba iyali su sanar da shi ta waya a ranar, ba su jira dawowarsa ba. Na biyu, bashi ba laifi ba ne. Yarjejeniyar duniya ta haƙƙin jama'a da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ke cikin yarjejeniya. In ba zamba ko cin amana ba, ofishin jandarma ko na ƴan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kuma duk mai kaki da ya mai da kansa ɗan aiken attajiri ya fita hurumin aikinsa. Shi ma wisiye yana da iyaka: ba ya fara aikin riƙe kaya kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 6 na yamma, ko ranar Lahadi ko ranar hutu, sai da izinin alƙali na musamman. Na uku ya shafi ma'aikatan gwamnati, malamin makaranta a Deule ko ma'aikacin lafiya a Keita: ba a taɓa albashi sai da takardar zartarwa, sai an yi zaman sulhu a kotu, kuma wani kaso ne kawai doka ta yarda a yanka, ba albashin duka ba.

Duk wannan nauyi ne bisa talakka. Saura nauyin da ke bisa hukuma, kuma shi ya fi girma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tambayar da ta cika bakin jama'a a zamanin Taron Ƙasa na 1991 ita ce su wane ne suka ci kuɗin BDRN, kuma kowa ya san ba masu tallan goro na kasuwar Buza ba ne. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 ba su manta da watannin albashin da suka bi gwamnati ba, haka ƴan kasuwan da suka kai wa ofisoshi kaya suka yi ta safa da marwa da takardunsu. Gwamnati dai doka ta kare ta daga riƙe kaya da gwanjo, kuma wanda ke bin ta, in ya yi shekara huɗu bai nema ba, haƙƙinsa ya faɗi. Gyaran 2023 ya kawo ɗan sauƙi: wanda ke da tabbataccen bashi bisa hukuma, in ya yi mata gargaɗi wata uku ba ta biya ba, yana iya neman a shigar da kuɗinsa cikin kasafinta a matsayin abin da dole a biya. Ya rage a ga wannan a aikace. Hukumar da ke son talakka ya girmama wa'adin kwana goma, ita ya kamata ta fara nuna misali da nata wa'adin.

Sa'an nan akwai maganar harshe da nisa. Kwana goma a Yamai, inda kusan dukan lauyoyin ƙasar suke, ba daidai yake da kwana goma a ƙauyen Deule ba, inda sai an nemi mai karanta Faransancin shari'a, an nemi kuɗin mota, an gangara gari an nemi wisiye, an kuma biya shi. An rage wa'adin ne don a faranta wa masu zuba jari, ba a tambayi mai jaki ba. A watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasar ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. In wannan ba ado ba ne, to wurin da ya fi dacewa a fara gwada shi shi ne takardar da ke iya raba mutum da dukiyarsa. Babu abin da ya hana ma'aikatar shari'a ta wajabta a haɗa kowane umurnin biya da ɗan bayani cikin Hausa da sauran harsunan ƙasar, mai faɗin abu uku: nawa ake nema, kwana nawa suka rage, ina za a je. Babu abin da ya hana a wajabta wa wisiye ya karanta wannan bayani da baki ga wanda bai iya karatu ba, a gaban maigari. Hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 domin marasa ƙarfi, ya kamata a riƙa ganin wakilanta ranar kasuwa a gundumomin Buza, Keita da Madawa, ba a manyan birane kaɗai ba. Gidajen rediyon karkara kuwa, da suke kaiwa inda jarida ba ta kaiwa, su ware wa wannan batu lokaci kafin kowace kaka.

Ƙasa ba ta ci gaba in ba a biyan bashi, domin ranar da amana ta mutu babu mai ba wani ko mudu guda. Haka kuma ba ta ci gaba in takardar shari'a ta zama abin tsoro irin na zamanin lanho, wadda talakka ke gani ya ɓuya. Wanda aka kawo wa sammacin tsohon bashi ya karɓa, ya rubuta rana, ya nemi mai karanta masa, ya tattara duk shaidar biyan da yake da ita, ya isa gidan shari'a kafin kwana goma. In bashin gaskiya ne ya nemi sulhu da sauƙi ya biya. In na ƙarya ne ko kumburarre ya faɗa a gaban alƙali. Ita kuma hukuma ta tabbata ƙofar da doka ta buɗe ba ta fi ƙarfin ƙafar talakka ba.